Idan Lexus Ko Land Cruiser Mai Shok Ɗin Mai Ta Fara Dukan Baya: Yadda Ake Gano Ciwon Kafin A Kashe Riyal

Lexus LX470 da Land Cruiser 100 masu shok ɗin mai suna da yawa a hannun mutanenmu na Jidda da Makka, galibi an saye su na hannu don ɗaukar iyali. Toyota ta ƙera su daga 1998 zuwa 2007, ke nan ko wadda ta fito ƙarshe yanzu ta manyanta. Idan suna da lafiya, tsohuwa na iya yin barci a kujerar baya daga Jidda har Madina, tafiyar sama da kilomita 400, ba ta farka ba. Idan kuwa ciwon ya kama su, kowane tudun rage gudu da kowace mahaɗar gada sai ka ji su a ƙugunka, motar ta koma amalanke.

Da ka shiga sana'iyya, wato unguwar garejin gyaran motoci, da wannan kuka, abin da za ka fara ji shi ne, "Alhaji, musa'adat ne, a canja su duka huɗu." Musa'adat shi ne shok da Larabci. Mutum ya biya, ya fita, motar tana nan yadda take. Abin yana damuna ƙwarai, don kuɗin nan da gumi aka same su, kuma a wannan irin mota da wuya ƙwarai a ce shok ɗin da kansa ne ya kawo taurin.

Ga dalili. Abin da kake gani a jikin kowace ƙafa mai kama da shok, bututu ne kawai cike da mai, da sanda mai shiga da fita. Idan taya ta hau tudu, sandar ta tura man ta cikin tiyo zuwa wani ƙwallon ƙarfe da ke ɗaure a jikin shasi, ɗaya ga kowace ƙafa. A cikin ƙwallon akwai tantanin roba ya raba shi biyu: gefe ɗaya mai, gefe ɗaya iskar naitirojin da aka ɗura da ƙarfi. Mai ba ya matsuwa, iska ita ke matsuwa, don haka duk taushin da kake ji daga wannan iskar yake fitowa. Tsakanin tiyon da ƙwallon kuma akwai bawul mai ƙaramin moto wanda kwamfutar motar ke buɗewa da tsukewa hawa 16, shi ke hana motar yin ta lilo. Nauyin motar an raba shi ne: wani kaso a kan sandunan toshan na gaba (sandunan ƙarfe masu murɗewa da ke aikin sifirin) da sifirin na baya, sauran a kan man. Toyota na kiran tsarin AHC. Ka riƙe wannan hoton a kanka, duk binciken da ke tafe a kansa yake.

Fara da tuƙi, ka saurara

Nemi titin da ka sani, mai tudun rage gudu da ɗan faci. Kashe rediyo. Akwai ciwo iri uku da mutane ke haɗawa su kira da suna ɗaya. Na farko, motar tana ɗan tsalle-tsalle gajeru masu sauri ko a kan titi mai kyau. Na biyu, duka: ta hau tudu ka ji kamar babu komai tsakaninka da kwalta. Na uku, ƙara ce ta ƙwanƙwasa daga ƙasa, alhali jikin motar bai yi tauri ba. Na farko da na biyu ciwo ɗaya ne a matakai biyu, iskar ƙwallayen ta fara raguwa sannan ta ƙare. Na ukun kuwa ka nemi bushin da suka cinye, musamman na sandar da ke hana mota karkata da na saman shok, wannan aikin kowane bakanike ne.

Kana cikin tafiya ka juya maɓallin da ke zaɓar taushi ko taurin shok daga COMFORT zuwa SPORT ka dawo da shi. Idan ka ji bambanci, bawul-bawul ɗin da wayoyinsu suna aiki. Idan duk ɗaya ne, ka lura da shi, za mu dawo kansa.

Taya

Kada ka tsallake wannan don ka raina shi. Masu banshar, wato masu facin taya, da yawa sukan cika taya ta wuce abin da kamfani ya rubuta, wai don kada ta ci fetur. Adadin da ya dace yana manne a jikin ƙofar direba. Ka auna da safe bayan Asuba kafin motar ta motsa, domin tayar da ta sha kwaltar Jidda da azahar za ta nuna maka fiye da gaskiyarta. Duba gefen tayar kuma: idan lambar girmanta ta fara da LT, mai kaurin gefe ce ta ɗaukar kaya, ba za ta taɓa yin taushin wadda motar ta zo da ita ba. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT su ne mako da shekarar da aka yi ta, tsohuwar taya kuwa robarta ta bushe ko da zanenta bai cinye ba.

Tsayin motar

Ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri, ka sauke kaya duka, har jarkokin zamzam da ke bayan kujera. Inji yana aiki, maɓallin tsayi a kan N (LO ƙasa, N tsakiya, HI sama), ƙofofi a rufe. Ka auna da tef daga tsakiyar wili zuwa leɓen fenda. Ma'aunin da masu irin motar suka saba bi shi ne kusan santimita 50 a gaba, 52 a baya, kuma bambancin hagu da dama a gaba kada ya wuce santimita ɗaya. Idan ta yi ƙasa sosai, tana zama ne a kan robar tsayawa, duka kuwa dole. Idan ta yi sama, wataƙila wani ya taɓa sansan tsayi, na'urar da ke gaya wa kwamfuta tsayin motar, don motar ta yi kwarjini, kuma duk santimitar da aka ƙara man ne ke ɗaukarta. Sansa uku ne, biyu a gaba, ɗaya a baya, kowanne da ɗan hannu da ke haɗa shi da ƙafa. Leƙa ka ga ko hannun ya lanƙwashe ko ya ƙage.

Man da ke cikin gora

Buɗe bonet. Gorar man AHC tana can baya kusa da bangon da ya raba inji da cikin mota, famfon yana ƙarƙashinta. A kan N, man ya kamata ya tsaya tsakanin MIN da MAX. Idan yana ta raguwa kana ƙarawa, ga shi babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa, to ba ɓata yake yi ba. Yana shiga ƙwallon ne yana cike gurbin iskar da ta gudu.

Zuƙo kaɗan da sirinji mai tsabta ka zuba a farar roba. Mai lafiya garau yake, kana hango ƙasan robar. Baƙi mai ƙauri ya daɗe ba a canja shi ba, alhali kusan kowace kilomita 100,000 ya kamata a sake shi. Sannan ka tambayi kanka, ko ka tambayi wanda ya sayar maka, me aka taɓa zubawa a ciki. Na ga motar wani maƙwabcinmu da yaron gareji ya cika mata gorar da man birki, don ya ga gora kusa da gora. Cikin ɗan lokaci motar ta sandare ƙafa huɗu, domin man birki yana cinye tantanin robar. Abin da ake zubawa shi ne man AHC na Toyota kaɗai, wanda aka saba sayarwa da lamba 08886-01805 a gwangwanin lita 2.5. Ba man giya ba, ba man sitiyari ba.

Ƙirga layukan gora

Wannan gwajin shi ne zuciyar aikin, kuma ba ya buƙatar komai sai ido da ɗan salatif. A jikin gorar akwai layuka a jere daga sama zuwa ƙasa, kamfani ya yi su ne don wannan.

Motar tana shimfiɗaɗɗen wuri, babu kaya, babu kowa a ciki, inji yana aiki. Danna maɓalli ta sauka LO, ka rufe ƙofa, don ba ta hawa ko sauka da ƙofa a buɗe. Jira ta gama sauka ta natsu. Man zai taso a gorar, sai ka manna salatif daidai inda ya tsaya. Idan gorar ta yi duhu da tsufa, haska fitilar waya ta bayanta, za ka ga layin man sarai. Yanzu ka ɗaga ta N, daga nan HI. Kada ka yi gaggawar karantawa: bayan motar ta gama hawa, famfon zai ci gaba da kuka na ɗan lokaci yana cika wani dogon tulu na ajiyar matsi da ke jikin shasi. Sai ya yi shiru ɗif sannan ka manna salatif na biyu. Ƙirga layukan da ke tsakani.

Sababbin ƙwallaye suna ba da kusan layi 14. Littafin gyara na Toyota ya sa iyaka a 7: daga nan zuwa ƙasa ƙwallayen sun gama aiki. A ganina wanda ya samu 8 ko 9 ma ya fara tanadin kuɗi, domin jikinsa ya riga ya fara gaya masa. Hikimar gwajin ita ce, idan akwai iska a ƙwallon, sai famfo ya tura mai da yawa kafin motar ta tashi, don iskar tana matsuwa tana ba man wuri. Idan babu iska, ɗan mai kaɗan ya isa ya ɗaga ta.

Abu biyu ka sani game da wannan ƙirga. Jimilla take ba ka ta ƙwallaye huɗu, ba za ta ce maka na gaban hagu ne ya mutu ba. Kuma idan matsin man ya wuce ƙa'ida, ƙirgar za ta yi ƙasa ko da ƙwallayen suna da sauran rai. Shi ya sa ba a sayen komai sai an yi mataki na gaba.

Matsin mai a kwamfuta

Nemi mai lantarkin mota da ke da manhajar Toyota ta Techstream, ko na'urar da ke iya shiga sashen AHC, don ba kowace ke shiga ba. Ka faɗa masa abin da kake so da bakinka: "Mu'allim, ba goge lamba na zo yi ba. Sauke ta LO, ka ɗaga ta N, ka karanta min matsin gaba da na baya." A lokacin wannan hawan ne kawai adadin ke fitowa daidai. Gaba ya kamata ya kasance 6.9 a ma'aunin matsi na MPa, da rangwamen 0.5 sama ko ƙasa. Baya kuma tsakanin 5.6 da 6.7, idan kuwa motar mai tankin fetur biyu ce, irin da ake yawan samu a ƙasashen nan, 5.9 zuwa 7.0.

Kusan duk tsohuwar motar da ba a taɓa yi mata wannan ba za ka tarar matsinta ya haura. Ƙarfe yana gajiya. Sandunan toshan da sifirin sun yi shekaru suna ɗaukar mutum takwas da akwatuna zuwa Madina da Ɗa'ifa, sun saki. Motar ba za ta nuna maka ta hanyar zama ƙasa ba, domin sansa na ganin ta sauka sai famfo ya ƙara mai ya mayar da ita tsayinta. Nauyin da ƙarfen ya kasa ɗauka ya koma kan man, man ya danne iskar ƙwallon ta ƙanƙance, taushi ya tafi. Haka kuma ake kashe sababbin ƙwallaye da wuri.

Gyaran gaba ba ya cin ko riyal na kaya. Kowace sandar toshan tana da kusar daidaitawa a ƙarshenta ta baya, mai kan milimita 30. A fara daidaita hagu da dama su yi tsayi ɗaya, sannan a ɗaure su biyun daidai wa daida. Kowane zagaye ɗaya a kan duka biyun yana sauke matsin gaba da kusan 0.2. A ɗan tuƙa motar ta zauna, a sake LO zuwa N a karanta. Ka lura, wannan ɗaurin ba ya ƙara wa motar tsayi, sansa ke yanke tsayi, shi dai yana mayar wa ƙarfe kasonsa na nauyi ne. Baya ba shi da kusa. Idan ya haura kaɗan ana sa zoben ɗagawa a saman sifirin, idan ya haura sosai sai sabon sifirin na AHC. Kada a sa na Land Cruiser marar AHC, ya fi ƙarfi, zai kwashe nauyin duka ya bar man babu aikin yi, wani sabon taurin ke nan.

Bayan matsi ya dawo daidai, koma ka sake ƙirga layukan. Wannan ƙirgar ta biyu ita ce ta gaskiya. Wani sai ya ga ta ƙaru, motar ma ta yi laushi, ya koma gida da kuɗinsa.

Idan maɓallin COMFORT da SPORT bai yi komai ba

Tun kwamfutar tana haɗe, a duba lambobin matsala. Idan tsarin ya ga abin da bai gane ba, kamar sansan tsayi mai ba da labarin banza, yakan kulle bawul-bawul ɗin a hawa na 8 ya bar su nan, sau da yawa fitilar OFF ta tsayi tana ƙiftawa. A zaga da motar, wani yana kallon allon: lambar hawan gaba da ta baya ya kamata su riƙa canjawa. Idan sun kafe a 8 ana tafiya, ciwon na lantarki ne. A duba kuma abin da kwamfutar ke gani daga sitiyari da makunnin fitilar birki, domin tana taurara shok da gangan a kwana da lokacin taka birki. Makunnin da ya maƙale zai sa ta ɗauka kullum ƙafarka tana kan birki.

Soket-soket na ƙarƙashin mota su ne abin zargi na farko a Jidda. Raɓar teku mai gishiri tana cin su, kuma motocin wannan shekarun da yawa sun ga ambaliyar 2009 da ruwan da ke kwanciya a tituna duk lokacin da aka yi sama. Cire soket, ka ga ko ƙarfen ciki ya yi kore.

Tabbatarwa da canji

Kusa da kowane ƙwallo akwai ɗan nonon fitar da mai. Idan aka sa siririn tiyo mai haske aka kwance shi, man da ya fito fari fat da kumfa yana tsartuwa alama ce tantanin wannan ƙwallon ya fashe, naitirojin ya gauraya da mai. A nan ne kake gane ƙafar da ta fi lalacewa.

Don Allah a kula da wannan: da an buɗe nonon, motar tana faɗowa ƙasa nan take, nauyinta kuwa ya haura tan biyu. Kada kowa ya kwanta a ƙarƙashinta, kada a dogara da jak kaɗai. A sauke ta LO, a kashe inji, a tokare shasi da ƙafafun ƙarfe, ko a yi aikin a kan rami. Ba a kwance ƙwallo ko tiyo sai an sauke matsin gaba ɗaya, kuma a sa tabarau, man yana fita da ƙarfin da zai iya huda fata.

Ƙwallon yana kwancewa da siririn sifana mai milimita 36. Na gaba da na baya ba iri ɗaya ba ne, iskar da aka ɗura musu ta bambanta, kada a musanya. Ana canja su biyu-biyu aƙalla, ni dai na fi son huɗun a tashi ɗaya, tunda rana ɗaya suka fara aiki. Za a ce maka ka leƙa tashlih, inda ake wargaza tsofaffin motoci a sayar da kayansu, ka samo da sauƙi. Don ƙofa ko fitila, ko ma sansa, babu laifi. Amma ƙwallon da aka ciro daga motar da ta yi shekaru a rana, robarsa sa'ar taka ce, iskar tana sulalewa ta jikin tantanin ko motar tana tafiya ko tana ajiye, zafi kuma yana ƙara mata sauri. Araha ba ta ado. Bayan an ɗaura sababbi a zuba sabon mai, a fitar da iska ƙafa bayan ƙafa har da dogon tulun, ana lura kada gorar ta ƙafe famfo ya zuƙi iska.

Shok ɗin kansa fa? Idan yana zubar da mai har yana ɗiga, ko tsatsa ta ci shi, a canja. Ɗan danshi a jikinsa ba dalili ba ne.

Masu tsohuwar Marsandi

Doguwar Marsandi mai ƙofar baya ta jerin 123 da 124, da wasu manyan 126, suna da ɗan'uwan wannan tsari a ƙafafun baya kawai, kuma babu kwamfuta. Inji ke juya famfon, bawul ɗin tsayi yana haɗe da sandar hana karkata ta baya, ƙwallaye biyu ne. Karatunta ya fi sauƙi: idan bayan yana tsaye daidai amma yana duka, ka danna shi da ƙarfinka ya ƙi motsi, ƙwallaye ne. Idan bayan ya zauna ƙasa ya ƙi tashi da kaya, nemi bawul, famfo ko yoyo. Manta daban ne, ZH-M mai lambar amincewa 343.0, kada a haɗa shi da na Toyota.

Maganar cire tsarin gaba ɗaya

Za ka samu mai ce maka, "Yaya, rabu da wahala, a cire a sa shok na gargajiya." Akwai motar da wannan shawarar ta dace da ita: wadda tsatsa ta cinye bututunta na ƙarfe daga gaba har baya, famfo ya mutu, aka kuma gurɓata man. Amma a yi lissafin da gaskiya. Ba shok huɗu kaɗai za a saya ba, dole a canja sandunan toshan da sifirin na baya, domin na AHC sirara ne, ba za su iya ɗaukar motar su kaɗai ba. Idan famfonka yana ɗaga motar daga LO zuwa HI ba tare da wahala ba, bututu kuma a bushe suke, ƙwallaye huɗu da mai da daidaita matsi sun ishe ka.

Abin da ba na so shi ne a ci gaba da tuƙa ta a sandare ana cewa sai bayan Hajji. Idan babu iskar da za ta shanye duka, tiyo da sil ne ke shan sa har ɗaya ya fashe. Taya kuma tana tsalle tana rabuwa da kwalta, a gangaren Hada na hanyar Ɗa'ifa da iyali a mota wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, don birki ba ya kama tayar da ke sama.

Idan an gama aikin, sake auna tsayin ƙafa huɗu, a sake karanta matsin gaba da baya, ka sake ƙirga layuka. Rubuta su da kwanan wata da kilomita a takarda ka ajiye tare da istimara, wato takardar rajistar mota. Duk shekara idan za ka kai ta fahas, binciken lafiyar mota na hukuma, ka maimaita ƙirgar layukan ka gwada da na bara, matsin kuma a duba shi duk lokacin da ka ƙara wa motar wani nauyi na dindindin, kamar kariya a rufi ko ƙarfen gaba.